Soto ya tsallaka Queens: kuɗi ya bi, ko suna yake nema?

Baban Bronx:
Assalamu alaikum jama'a. Ina tsaye a layin tasi na filin jirgi daren Lahadi, 8 ga Disamba 2024, sai waya ta yi ƙara, yarona ne ya turo min: Juan Soto, ɗan wasan besbol ɗinmu na Yankees a Bronx, ya tafi Mets, maƙwabtanmu na Queens a nan New York. Shekara 15, dala miliyan 765. Sai da na kashe rediyo na yi shiru na ɗan lokaci. Yankees fa sun ba shi miliyan 760 a shekara 16. A kan miliyan biyar yaron nan ya tattara kayansa ya haye gada. Wata biyu da suka wuce shi ne ya buga hom-ron ɗin nan (bugun da ke fitar da ƙwallo bayan shinge) a zagaye na goma a Cleveland da ya kai mu World Series, wasannin ƙarshe na cin kofi, karo na farko tun 2009. Ni da idona na ga dattawa suna rungume juna a titi na 161. Yau ga shi ya zama ɗan maƙwabta. Ni dai a wurina ya sayar da sunansa, kuma da araha ya sayar.

Ɗan Flushing:
Wa alaikumus salam Baba. Allah ya huci zuciyarku. Amma abin nema ya samu, matar falke ta haifi jaki 😂 Mu tun jiya ba mu yi barci ba.

Bakanon Kurna:
Don Allah ku tsaya. Ni ɗan ƙwallon ƙafa ne, ɗan'uwana ne ya jefa ni cikin zauren nan. Miliyan 765 na dala? Ga mutumin da aikinsa ya bugi ƙwallo da sanda? Na buga a kalkuleta ta ce min sama da naira tiriliyan ɗaya. Ko dai wayata ce ta lalace?

Malam Lissafi:
Wayarka lafiya lau take, Malam. Miliyan 51 ke nan duk shekara. Kakar wasa tana da wasanni 162, ka ga kowane wasa ya tashi kusan dala dubu 315, ko ya buga ko ya yi ta tauna cingam a benci.

Amma Alhaji, da girmamawa, lissafinku na miliyan biyar bai cika ba. Tayin Yankees in an raba shi shekara 16, miliyan 47.5 ne a shekara. Na Mets 51. Sannan Mets sun ba shi miliyan 75 a hannu kuɗin sa hannu, ba a jinkirta masa ko sisi ba, kuma bayan kaka ta biyar yana da damar ficewa ya sake shiga kasuwa, sai dai in Mets sun ƙara masa albashi sun toshe ƙofar. Ba ƙaramin bambanci ba ne. Aikin shekara guda cur aka rage masa, kuma aka ƙara masa kuɗi.

Baban Bronx:
Malam, mutumin da zai karɓi miliyan 47 a shekara, me miliyan 51 za ta saya masa wanda waccan ba ta saya ba? Ciki nawa gare shi? Ni maganar suna nake yi. Derek Jeter ya yi kaka 20 da riga ɗaya, 1995 zuwa 2014, kofi biyar. Mariano Rivera haka, har aka shigar da shi zauren gwaraza na Cooperstown a 2019 ba tare da mutum ɗaya ya ƙi jefa masa ƙuri'a ba. In ka shiga filinmu ka zagaya bayan shinge za ka ga allunansu kusa da na Ruth da Gehrig da DiMaggio da Mantle. Nan aka share wa Soto wuri, ya ce a'a.

Maman Hanif:
Alhaji ku yi haƙuri in sa baki. Gwano ba ya jin warin jikinsa. Wannan Babe Ruth da kuka fara lissafawa, a ina kuka samo shi? Ɗan Boston Red Sox ne, aka sayar muku da shi a ƙarshen 1919 a kan dala dubu 100. Reggie Jackson fa? Kofi uku ya ci a Oakland, 1972, 73 da 74, kuka zuba masa kuɗi a 1976 ya zo. Kaka biyar kacal ya yi muku, amma saboda hom-ron uku da ya buga a dare ɗaya a wasa na shida na World Series ɗin 1977, hular Yankees ce a allonsa na Cooperstown. Lokacin babu wanda ya ce ya sayar da suna. Shekara ɗari kuna ɗauke wa mutane 'ya'yansu, yau an ɗauke muku ɗaya, wanda ma aro kuka yi daga San Diego na kaka ɗaya, kun cika gari da kuka.

Ɗan Flushing:
Hajiya Allah ya ƙara miki lafiya!! Ni na rasa bakin faɗa ne saboda Baba ne.

Baban Bronx:
Hajiya, ke 'yar Dodgers ce, ta Los Angeles da ta doke mu a World Series ɗin bana, bakinki da maiƙon kofi har yanzu. Ba zan ja da ke ba a wannan shekarar.

Bakanon Kurna:
Wato in na fahimta, abin da Figo ya yi wa Barcelona a 2000 ke nan?

Ɗan Damagaram:
Ya fi kama da Sol Campbell da ya bar Tottenham ya koma Arsenal, gari ɗaya, kwantiragi ya ƙare, babu kuɗin saye. Sai dai shi Campbell ɗan gida ne tun yana yaro. Soto baƙo ne da ya kwana ɗaya. Ni ina Harlem, jirgi mai lamba 4 yake kai ka Yankee, mai lamba 7 yake kai ka Citi Field. Ko gida ba lallai ya sauya ba.

Ɗan Flushing:
To bari in yi maganar gaskiya ban da tsokana. Baba, ku dubi abin ta idon Soto. A Yankees ko me ya yi, gidan na Aaron Judge ne. Judge ne kyaftin, shi ya buga 62 a 2022, shi ya buga 58 bana ya sake zama gwarzon shekara. Kofi 27 ne a gidan. In Soto ya kawo na 28, za a ce madalla, a jera shi a layi bayan mutum goma. A Mets kofi biyu ne tak, 1969 da 1986. Ni ba a ma haife ni ba lokacin na ƙarshen. Zuwa 2024 mutum biyu ne kawai suke sanye da hular Mets a Cooperstown, Tom Seaver da Mike Piazza. Wanda ya kawo kofi na uku Queens, jikokinmu za su san sunansa. Shekararsa 26. In ya cika kwantiragin nan, duk wani tarihin bugu na ƙungiyar zai koma hannunsa. To wa ya fi neman suna, wanda ya zauna a inuwar wani ko wanda ya je ya dasa tasa bishiyar?

Baban Bronx:
Ɗana, ka iya magana. Amma ka tambayi Robinson Canó. Shi ma haka aka yi masa huɗuba a 2013, ya bar mu ya tafi Seattle a kan miliyan 240. Wa yake ambatonsa yau?

Malam Lissafi:
Canó ba tafiya ce ta kashe shi ba, Alhaji, ƙwaya ce. An dakatar da shi wasa 80 a 2018, aka sake dakatar da shi kakar 2021 gaba ɗaya. Ko a Bronx ya zauna, da haka za ta faru da sunansa.

In kuna neman misalin da zai taimake ku, ni zan ba ku, don a St. Louis nake zaune kuma a gabana aka yi. Albert Pujols. Kaka 11 a Cardinals, hom-ron 445, gwarzon shekara sau uku, kofi a 2006 da 2011. Garin nan ba su da wani sarki sai shi. Ana gama shagalin kofin 2011, a watan Disamba, ya sa hannu da Angels, shekara goma, miliyan 240. Maƙwabcina wani tsoho Bature da ba ya fashin kallon wasa, ya cire rigar mai lamba 5 daga jikin bangon garejinsa ya ninke ya sa a kwali. Bai ƙona ba, bai yar ba, amma shekara goma ban sake ganinta ba. A can California ƙafafu suka fara ba shi matsala, bugun ya yi ta raguwa, sau ɗaya tak suka shiga wasannin kofi, a 2014, Kansas City ta share su uku ba ko ɗaya. A watan Mayun 2021 Angels suka sallame shi kwantiragi bai ma ƙare ba. Mutum kamar Pujols, a ce masa ga hanya.

Sai 2022 ya dawo St. Louis yana da shekara 42, kowa yana cewa ziyarar ban kwana ce kawai. Allah da ikonsa sai sandar ta farka. Ya cika hom-ron 700 a watan Satumba, ya ajiye a 703. Washegarin ranar da ya cika, da safe na fito zan tafi aiki, na ga rigar nan ta koma bangon gareji. Tsohon bai ce min komai ba, ni ma ban tanka ba.

Baban Bronx:
Ka ga ni ba! Kowa ya bar gida, gida ya bar shi.

Malam Lissafi:
Gidan bai bar shi ba ai, Alhaji, shi ne abin da nake faɗa. Kuma shi ya tafi yana da shekara 31, ƙarfinsa ya fara juyawa. Soto yana 26. Angels sun sayi abin da Pujols ya riga ya yi wa wasu ne. Mets suna sayen abin da ba a yi ba tukuna.

Ɗalibi a Osaka:
Barkanku da dare, mu nan gari ya waye. Ina ta bin ku ina dariya. Ku da kuke cewa zama wuri ɗaya shi ne suna, me za ku ce da Mike Trout? Ya zauna a Angels, ya sa hannu a 2019 na shekara 12, miliyan 426 da rabi, gwarzon shekara sau uku. Wasa uku kacal ya taɓa bugawa na neman kofi a rayuwarsa, waɗancan na 2014 da Malam ya ambata, kuma duk an cinye su. Abokin wasansa Shohei Ohtani ya yi kaka shida tare da shi, 2018 zuwa 2023, ko ƙofar wasannin kofi na Oktoba ba su leƙa ba. Ohtani ya tsallaka Dodgers bara war haka, a kakarsa ta farko ya buga hom-ron 54, ya saci tasha 59 (rugawa tasha ta gaba ba tare da an buga ƙwallo ba), abin da ba a taɓa haɗawa ba, ya ɗauki kofi. A nan Japan wasannin da safe ake nuna su saboda bambancin lokaci. A ɗakin bincikenmu malaminmu, mutumin da ba ya son ko tari a lokacin aiki, shi da kansa ya jingina waya a jikin kwamfuta ranar wasa na biyar na World Series da Yankees. Babu wanda na ji ya kira Ohtani maci amana.

Baban Bronx:
Kar ka tuna min wasa na biyar, ɗan nan.

Maman Hanif:
A'a a tuna dai 😂 Biyar ba ko ɗaya kuke ci.

Baban Bronx:
To tunda sai an tona. Daren nan ina aiki. Na ajiye wasu fasinjoji uku kusa da filin tun da yamma, ɗaya ma ya ba ni dala 20 a kan kuɗin mota ya ce in yi musu addu'a. Na samu wuri na faka a Grand Concourse ina saurare a rediyo, taga a buɗe, ihun filin yana iso ni kafin mai sharhi ya faɗi abin da ya faru. Biyar da babu. Na ce yau sai Los Angeles kuma. Zagaye na biyar aka ɗaga wa Judge ƙwallo, irin wadda yake kamawa ido rufe, ta faɗi daga safar hannunsa. Sai Volpe ya yi mugun jifa, sai Cole ya tsaya kallo bai rufe tashar farko ba. Kafin in gama shan shayin da ke hannuna an dawo biyar da biyar. Unguwar ta yi tsit kamar an yi rasuwa. Aka tashi bakwai da shida. Wanda na ɗauka bayan an tashi, daga Bronx har Yonkers bai ce uffan ba, hularsa kawai yake juyawa a hannu.

Amma ku lura. Judge ya yar da ƙwallon da ta kashe mu, kuma gobe in ya fito za mu tashi tsaye mu tafa masa. Saboda a 2022 da kwantiraginsa ya ƙare, San Francisco ta kira shi, can ne yankinsu, can iyayensa suke, ya dawo ya karɓi 360 na shekara tara ya zauna. Wannan ita ce ribar zama. Ranar da ka faɗi akwai mai ɗaga ka. Soto ranar da ya yi wata guda sanda ba ta ci ba, wa zai rufa masa asiri a Queens? Miliyan 765 za su riƙa karanta masa.

Ɗan Damagaram:
Wannan kam gaskiya ce, Alhaji. Mutanen New York ba su da kunya a filin wasa, ko ta wane ɓangare.

Ɗan Flushing:
Mun yarda za mu yi masa ihu in ya yi sanyi. Shi ma ya sani. Mutumin da ya ƙi karɓar miliyan 440 daga Washington a 2022, yana ɗan shekara 23, kowa yana ce masa mahaukaci, ba ihu ne zai firgita shi ba. Kuma yana da zobensa tun 2019, ba neman na farko yake ba.

Bakanon Kurna:
Tambaya ta biyu. Wancan Ohtani na ji an ce 700 ne nasa. To Soto ya fi shi iya wasa ke nan?

Ɗalibi a Osaka:
Ko kusa. Ohtani yana jifa yana bugu, mutum biyu ne a jiki ɗaya. Soto bugu ne kawai, sai idon gane ƙwallon da ba ta da kyau ya ƙyale ta. A wannan kam babu kamarsa yanzu. Tsaron filinsa kuwa sai a hankali.

Malam Lissafi:
Kuma 700 ɗin Ohtani ba 700 ba ce a hannu. Miliyan biyu kawai yake karɓa a shekara. Sauran 680 sai daga 2034 zuwa 2043 za a biya shi, babu ruwa a kai. In aka auna da darajar kuɗin yau, wajen 460 ne. Shi ya nemi a yi haka don ƙungiya ta samu sararin sayo wasu, kuma a watan nan ɗaya suka kawo Yamamoto a kan 325. A besbol babu dokar da ta ƙayyade iyakar albashi, haraji ne kawai ake ɗora wa wanda ya wuce wani mataki, mai kuɗi kamar Steve Cohen na Mets kuwa biya yake ya wuce. Ku tambayi 'yan Mets labarin jinkirta biya ma, duk 1 ga Yuli suna tura wa Bobby Bonilla dala miliyan ɗaya da dubu 190 da 'yan kai, har zuwa 2035, mutumin da ya bar wasa tun 2001.

Ɗan Flushing:
Malam ina ruwan Bonilla a cikin maganar nan fisabilillahi 😭

Maman Hanif:
Ni abin da ke ba ni haushi a irin wannan muhawara, ba a taɓa tambayar amanar ƙungiya, sai ta ɗan wasa. Freddie Freeman ya yi kaka 12 a Atlanta, ya ci musu kofi a 2021, yana so ya zauna. Ana cikin ciniki suka je suka ɗauko Matt Olson suka sa a gurbinsa. Da ya dawo Atlanta da rigar Dodgers a 2022, kuka ya yi ta yi a gaban 'yan jarida har ya kasa magana. Boston ta sallama Mookie Betts a 2020 don kar ta biya shi. Su waɗannan ba a ce musu maciya amana, sai a ce kasuwanci ne. Ina aikin dare a asibiti ranar wasan farko na World Series, a ɗakin hutu muka gani, Freeman yana ɗingishi da ciwon idon sawu ya buga ƙwallon nan da ta kawo mutum huɗu gida ta rufe wasa. Yanzu ku faɗa min, in an zo rubuta tarihinsa, da wace riga za a fara tuna shi?

Ɗan Damagaram:
Ni dai in an ce Freeman, Atlanta nake gani har gobe.

Maman Hanif:
Kai ka gani. Yarana Dodgers suke gani.

Malam Lissafi:
Hajiya ta taɓo inda nake so. Wannan 'yancin da Soto ya yi amfani da shi, wani ne ya biya kuɗinsa da aikinsa. Kafin 1976 ɗan wasa mallakin ƙungiya ne har sai ta gaji da shi. A 1969 Cardinals suka tura Curt Flood Philadelphia bayan kaka 12, ya ce ba ya zuwa, ya rubuta wa shugaban gasar cewa shi ba kaya ba ne da za a saya a sayar. Baƙar fata ne, kuma ya san me kalmar take nufi a ƙasar nan. Ya kai ƙara har Kotun Ƙoli, ya sha kaye a 1972. Wasa 13 kawai ya ƙara bugawa a rayuwarsa. A ƙarshen 1975 mai sasanci ya yanke hukuncin da ya buɗe ƙofar ga wasu. Flood ya rasu a 1997, kuma har yau ba ya cikin Cooperstown. Bakano, shi ne Bosman ɗinsu, wanda shari'arsa ta ba 'yan ƙwallon ƙafa 'yancin sauya ƙungiya in kwantiragi ya ƙare, sai dai ya riga Bosman da shekara ashirin da wani abu.

Bakanon Kurna:
Yanzu na gane. Allah sarki. Wani ya yi noma wani ya ci.

Baban Bronx:
Ban ce a hana shi 'yancinsa ba, Malam. Ni ma na bar kamfanin da na fara yi wa tuƙi saboda sun riƙe min kuɗin sati biyu, ban waiwaya ba. Yana da dama ya tafi, ni ma ina da dama in ji haushi. Ted Williams da ake kwatanta yaron nan da shi bai taɓa cin kofi ba, amma ya mutu ɗan Boston, har rami suka sa wa sunansa a ƙarƙashin ruwa, na bi ta ciki da mota. Soto yana 26 ya sa riga huɗu ke nan.

Ɗan Flushing:
Biyu daga ciki ba shi ya zaɓa ba, Baba, musanya shi aka yi. Wannan ce ta farko da ya zaɓa da kansa. Kuma mu ya zaɓa.

Ɗan Damagaram:
Ku bar Alhaji ya huta haka nan. Ga shi an ce Yankees sun ɗauko Max Fried daga Atlanta, shekara takwas, miliyan 218. Wani ɗan Atlanta yana can yana rubuta irin abin da Alhaji ya rubuta mana.

Baban Bronx:
Wannan daban. Fried yaron kirki ne, ya san inda ake daraja mutum.

Maman Hanif:
Innalillahi 😂😂 Alhaji!

Ɗan Flushing:
Baba, a watan Mayu Mets za su zo filinku. Ni zan sayi tikiti biyu, mu zauna ta ɓangaren dama inda zai tsaya. Sharaɗi ɗaya, ba za ku yi masa ihu ba.

Baban Bronx:
Sayi tikitin. Ihu kuma ba na alkawari. In ya buga hom-ron a gabana kai za ka biya kuɗin tsire, in Fried ya fitar da shi sau uku ni zan kai ka gida kyauta har Flushing, mita a kashe. Layi ya motsa, ga fasinja da akwatuna. Sai anjima.